Amurka: Bashin Asibiti Na Hana Masu Doguwar Jinya Komawa Wurin Likita

A watan Yulin 2025 wata kotun tarayya a jihar Texas ta soke ƙa'idar hukumar CFPB da za ta goge bashin asibiti na kimanin dala biliyan 49 daga kundin bashi na Amurkawa miliyan 15.

Da wannan kundi bankuna da masu gidajen haya ke auna amanar mutum. Tun 2023 aka daina shigar da bashin da bai kai dala 500 ba. Gudun ɓacin suna a banki kan sa wasu tsimin insulin ko ƙaurace wa likita, har ciwon ya kai su sashen gaggawa, inda kuɗin jinya ya fi tsada.