Lafiya Uwar Jiki: Ƙullutun Da Ba Ya Zafi

A unguwar Federal Low-Cost ta Gombe, kamar ko'ina, da zarar mama ya yi wa mace zafi sai hankalinta ya tashi, ta ɗauka ciwon daji ne. Alhali kuwa galibi kusantowar haila ce, ko shigar ciki, ko kumburin da kan kama mai shayarwa.

Abin tsoro shi ne ƙullutu mai tauri, wanda sau da yawa ba ya zafi ko kaɗan. Shi kuwa ake wa sakaci, ana ta shafe-shafe har ya fashe. Wadda ta ji shi, ko ta ga kan mamanta ya lotsa ko yana fid da jini, ta hanzarta zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke garin. Maigida kuma kada ya ce a bari sai an yi albashi.