Mai duba aiki ba maƙiyi ba ne

'Yan uwa matasa, kowa ya san injin niƙa a Tsibiri. In aka niƙa barkono ba a kakkaɓe ba, mai gero na gaba ya sha yaji.

To haka ƙwaƙwalwar kwamfuta take. Manhajoji da yawa suna layi a kanta. Kafin wata ta hau, ƙashin bayan tsarin, wato kanel, shi ke kwashe lissafin ta farko ya adana. An daɗe ana jinkirta wani ɓangare na kwashewar don a samu sauri. A Yunin 2018 aka bayyana cewa a na'urorin Intel wata manhaja na iya leƙa ragowar wata, har makullan sirri. Linux kuwa tun 2016 ya koma kwashewa nan take.

Shi ya sa nake goyon bayan masu bitar Linux da ke tsare gyara, ko na layi biyar ne, su yi ta tambaya a bainar jama'a. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Ni dai na ce sauri ya haifi nawa. Wayar Android da kake tura kuɗi da ita, kanel ɗin Linux ne a cikinta.

Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kada mu tsaya ga rubuta manhaja kawai. Mu koyi karanta ta wani, mu tambaye shi: in wannan layin ya kuskure, sirrin wa zai fita?