An yi aiki lafiya, ɗinki ya ruɓe

Jiya a ajinmu na mastas nan Ibadan aka yi darasi kan ciwon da ke ruɓewa bayan tiyata, sai na tuna Yayata. An yi mata aiki an ciro jaririya lafiya lau, kwana shida ɗinkin ya fara fitar da mugunya. Sati uku ta ƙara a gadon asibiti, mijinta har babur ɗinsa ya sayar. Muka ce ƙaddara. Ƙaddara ce kam, amma da sakaci a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka, matan da ɗinkinsu ke kamuwa bayan aikin haihuwa kan kai kashi 20 cikin 100. A 2016 ta fitar da shawarwari 29, kuma wasunsu ko sisi ba sa ci: majiyyaci ya yi wanka da sabulu kafin aiki, kar a aske wurin da reza, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 120 kafin yanka, ba a yi ta ɗirka shi bayan aiki ba.

To wa ke tsaye kan yawancin waɗannan? Nas. Likita ya ɗinke ya wuce, ita ce mai wanke ciwo da canza bandeji kullum.

Shi ya sa ni dai a ganina, horon nas ba taron otal na yini ɗaya da satifiket ba ne. A yi shi a gefen gado, a maimaita, a riƙa ƙirga ɗinki nawa ya ruɓe duk wata.

Masu karatun jinya cikinmu, in mun koma gida, don Allah mu fara da wannan.