Hutun lakwal ya faɗo tsakar damina

An rufe lakwal tun ƙarshen watan shida, ba za a koma ba sai Oktoba. Wata uku ke nan yara na hannunmu safe da yamma, kuma hutun nasu ya zo daidai lokacin da mu ba mu da hutu. Noman fari bai ƙare ba maimai ya taso, gamanarmu na jiran hauya, rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau a kasuwa.

Kowa ta san yadda yini yake a gida mai yara biyar ko shida. Da asuba su tafi allo. Rana na fitowa manyan maza su bi babansu gandu, ƙanensu ya kora awaki nesa da shuka don kada a kawo mana ƙarar ɓarna. Ƴan mata kuwa daka, ɗiban ruwa, goyon ƙani, kai fura gona, su dawo da tafasa ko rama a ƙwarya, da la'asar kuma a aza musu farantin talla. Ba mu ce aikin nan laifi ne ba, da shi muka tashi. Abin da ke damunmu shi ne kaye. Ranar da aka ba da hutu yaro ya cusa kayensa a rufin ɗaki, ruwa ya jiƙa rabi, gara ta ci sauran. Oktoba na zuwa, wanda ya wuce CE1 ya zauna yana kallon baƙaƙe kamar bai taɓa ganin su ba, mushe ya koma da su baya, mu kuma mu ce lakwal ba ta koyar da komai.

A Amurka akwai iyalan da ba sa kai ƴaƴansu makaranta sam, uwa ce ke karantar da su a gida da littattafai da tsarin awoyi. Mu ba wannan muke nema ba, namu su koma aji in lokaci ya yi. Amma rabin awa bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa inuwa, wannan kam muna da shi.

Wata za ta ce, “To ni da ban shiga aji ba, me zan koya masa?” Haba yaya! Tun da Mata Masu Dubara ta fara a jihar Maradi a 1991, mata nawa ne suka riƙe lissafin asusu da ka, ba biro ba takarda, kuma ranar rabo dala ɗaya ba ta ɓace ba? Lissafi muna da shi. Matsalar ita ce namu da na lakwal ba bakinsu ɗaya ba. Mu da dala muke ƙirga, mushe da sefa. Dala biyar ɗinmu ita ce 25 a allonsa, dala ɗari ita ce 500, jika ita ce 1000. Yaro da yawa ya iya ɗaya bai iya ɗayan ba, a aji ya ci lissafi, a kasuwa a cuce shi wajen canji. To mu haɗa masa su. Kin kasa ƙuli-ƙuli kashi 12, kowane dala biyar: ki ce ya faɗa miki kuɗin da dala, sannan ya rubuta da sefa a ƙasa da tsinke. Dala sittin ne, shi ya rubuta 300. In ya ƙware, ki ƙara masa nauyi: mu 25 a ƙungiya, kowa ta zuba dala hamsin, nawa ya shiga akwati wannan mako? Ke kin san jika shida ne da dala hamsin tun bai ɗaga tsinke ba. Shi sai ya kai 6250. Ke ce mai gyara, ko ba ki san lamba ɗaya a rubuce ba.

Karatu ya ɗan fi wuya, sai mu jingina da manyan. Ƴar CM2 ta zaunar da ɗan CP ya karanta mata shafi guda. Rubutun buhun taki, katin awo, saƙon da ya shigo salula, duk abin karantawa ne. Inda ƙungiya ke da ƴar kwaleji a unguwa, a tara mata yara goma a zaure sau biyu a mako, a yanka mata kuɗin sabulu daga abin da aka yarda a taro.

Kada mu manta wannan ne lokacin masassara. Masu raba maganin riga-kafin zazzaɓi na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 suna zagayawa wata-wata a damina. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage yana hannunmu, kuma shi ne aikin gona ke sa a manta. A ɗora wa babbar yarinya tunatarwa. Sange kuma kowane dare. Wankan tabki da gulbi a sa ido, ruwa na cin yara, tsargiya ma can ake ɗauko ta.

Maganar da ta fi mana nauyi ita ce ta ƴan mata. A cikin watannin nan ne yarinya ke sabawa da kuɗin talla, gida ma ya saba da su, mai so ya fara aiko da goro, sai a wayi gari an buɗe lakwal bencinta babu kowa. Sau da yawa ba wanda ya yanke shawarar cire ta. Oktoba ce ta zo ba kuɗin kaye da takalmi, gujiya ba ta shiga kasuwa ba, aka ce ta jira mako biyu, mako biyu ya zama shekara. Shi ya sa muke roƙon kowace shugaba ta sa wannan magana a taron watan takwas, kada a bari sai Satumba. Kowace mace ta zo da adadin ƴaƴanta masu komawa da ajin kowa, a san masu neman rance tun akwati na da nauyi, a kuma duba ko za a sayo kaye da biro a sari daga birni a raba.