Ba Tauraro Ne Maganin Toronto Ba

Yau na ɗan ajiye alƙalamin labari, domin akwai wani ciwo da ƙanina mazaunin Kanada ya shafa mini, wato son ƙungiyar Toronto Maple Leafs ta wasan hoki na kan ƙanƙara. Ga wanda bai sani ba, mutum shida-shida ake shiga fili har da mai tsaron gida, kowa da sanda, ana korar ɗan faifan roba zuwa raga.

Sau 13 ƙungiyar nan ta ɗauki kofin Stanley, amma rabonta da shi tun 1967. Duk da haka, da zarar sabuwar kaka ta gabato sai ka ji magoya baya sun fara duba: bana tamu ce, a dai ƙaro mana gwani ɗaya mai zura ƙwallo. Ni kuwa na ce a'a, ba nan gizo ke saƙa ba.

Jama'a, mu duba lissafi. A gasar NHL akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe wajen albashi. A kakar 2024-25 dala miliyan 88 ce, amma 'yan gaba huɗu kacal, Auston Matthews da Mitch Marner da John Tavares da William Nylander, suka lashe fiye da rabi. To da me za a ɗauko masu tsaron baya na ƙwarai? Ga shi wasan minti 60 ne, ɗan gaba komai gwanintarsa wajen minti 20 yake yi a kan ƙanƙara, saura kuwa na ƙananan 'yan wasa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matthews ya ci ƙwallo 69 a kakar 2023-24, amma Boston ta fitar da su tun zagayen farko. A 2025 sun zo na ɗaya a rukuninsu, suka kori Ottawa, sannan Florida ta lallasa su da ci 6 da 1 a wasa na bakwai, a gidansu kuma. Ita Florida ɗin da ta ɗauki kofin a 2024 da 2025, ƙarfinta na cikin mai tsaron gida, Sergei Bobrovsky, da 'yan wasan da kowane sahu ya shigo sai ya gasa wa abokin karawa aya a hannu.

Da Marner ya koma Vegas a 2025, wasu har da hawaye, wasu suka ce a nemo wani kamarsa. Ni marubuci ne, na san littafin da aka tara wa jarumai huɗu aka manta da sauran mutanen gidan ba ya kai labari, komai kyan bangonsa.

Ga nawa hasashen: ranar da Toronto ta raba kuɗinta daidai, ta ƙarfafa baya, ta samu mai tsaron gida tsayayye da zai jure nasara 16 da ake bukata kafin a ɗaga kofi, ranar zan saka baki a waƙar. Kafin nan, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wanda bai yarda ba, ya kawo hujjarsa. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu, in Allah ya yarda.