RA'AYI: KAFIN ƊAN'UWA YA CIKA FAM ƊIN JAMB

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, matasa kan cika cibiyoyin rajista maƙil, amma da yawansu har su zauna gaban kwamfuta ba su san fannin da za su karanta ba. Wani abokinsa yake bi, wani kuwa mai buga rajistar ne ke zaɓa masa. Abin takaici ne ƙwarai a ce al'amarin da zai ci shekara huɗu zuwa shida na ƙuruciyar mutum an yanke shi a tsaye cikin minti biyar.

Babbar cutar ita ce son suna. Kowa likita, kowa lauya, kowa injiniya. Alhali majalisar kula da likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka a fannin likitanci, ko Ahmadu Bello ta Zariya ce, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Ta haka ne matashi kan kwashe shekara uku yana maimaita jarrabawa, daga ƙarshe ya karɓi duk abin da aka miƙa masa.

Wajibi ne ɗan'uwa ya fara auna kansa da gaskiya. Likitanci na buƙatar Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a JAMB. Injiniyanci na buƙatar Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Aikin lauya kuwa sai da Adabin Turanci. Wanda Kemistiri ke ba shi kashi tun aji huɗu na sakandare, to ya sani a jami'a abin ƙaruwa zai yi. Sakamakon WAEC ko NECO shaida ne wanda ba ya son kai.

Sannan ya dubi ƙarfin gidansu. Likitanci shekara shida ne, injiniyanci biyar, lauya biyar da ƙarin shekara a makarantar horon lauyoyi, yawancin sauran fannoni huɗu. Mahaifin da zai ɗauki nauyi yana da haƙƙin a zauna da shi a yi wannan lissafi.

Bayan haka sai buƙatar al'umma. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci da ilimin lissafi cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya kuma koka da yadda ake rububin fanni guda ana barin garuruwa babu likita Musulmi. Rububin nan yana nan, fanni kawai ya sauya. Makarantun karkara na neman malaman Lissafi da Fiziks, asibitoci na neman masu jinya da masu gwajin jini, makiyaya na neman likitan dabbobi, manoma na neman malaman gona. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama abin raini.

Saboda haka wanda yake cikin ruɗani kada ya ji kunya, rashin tambaya shi ne abin kunya. Ya karanta kundin JAMB da ke bayyana sharuɗɗan kowane fanni, ya samu yayyensa da ke karatun ko suke aikin ya ji daɗinsa da wahalarsa daga bakinsu. Su ma 'yan'uwa ɗaliban jami'a nauyi ne a kansu su riƙa tara ƙannensu kafin lokacin rajista. Bayan shawara sai istihara, sannan ya cika fam da hannunsa, ya dogara ga Allah.

Allah Ya yi wa matasanmu zaɓi mafi alheri.