Ƙafar mota a hanyar Goronyo: tauri daban, riƙon ƙasa daban

A lokacin kakar albasa da tafarnuwa, titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Achida ya nufi Goronyo cike yake da ƙananan motoci masu ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu. Da yawa daga cikinsu Golf ne, bayansu ya durƙusa ƙarƙashin buhuna, hancinsu ya ɗaga sama. Haka abin yake a hanyar Raba, haka a mashigar Wurno. Tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a kan kogin Rima a 1984, noman rani ya ƙara wa yankin amfanin gona, kuma kaso mai tsoka na wannan amfani a bayan irin waɗannan motoci yake isa kasuwa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne asalin motar. Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf a 1974, sannan a 1976 ya fito da samfurin GTI, wanda ya yi suna a Turai saboda saurinsa da yadda yake shan kwana. An tsara ƙafarta ne don iyali ƙarami da ɗan kaya a kan titi mai santsi. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ta haura shekara talatin yanzu, kuma kafin ta iso Sakkwato ta riga ta ci zamaninta a hannun wasu.

Mutum biyu ne suke son “ƙara wa ƙafar ƙarfi”, kuma kuskurensu ɗaya ne. Akwai direban haya da yake sa a cusa masa guntayen roba tsakanin zoben sifirin na baya, ko a ɗauko masa sifirin na wata mota mai nauyi, don kada buhuna su danne motar. Akwai kuma matashin ma’aikaci da ya ga motocin tsere a intanet, yake so a rage wa motarsa tsayi, a sa mata sifirin mai tauri. Dukansu sun ɗauka mota mai tauri ita ce mai riƙe hanya. A titin da babu rami, akwai ɗan ƙamshin gaskiya a wannan zato. A titin da ramuka da faci suka yi yawa, zaton yana iya kai mutum kabari.

Dalilin yana cikin rabon aiki. Sifirin shi ke ɗaukar nauyin mota. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana sifirin yin ta lilo bayan taya ta daki rami. A cikinta akwai mai da ake matsawa ta wasu ƙananan ƙofofi, wannan matsi ne ke shanye ƙarfin girgiza ya mayar da shi zafi. Idan man ya tsiyaye ko ƙofofin suka saki, taya takan riƙa tsalle a kan titi. Gurbin da kowace taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba, kuma birki da sitiyari duk ta wannan ɗan gurbi suke aiki. Taya da ke sama ba ta tsayar da mota, ba ta juya ta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka tsallen da bai kai ƙiftawar ido ba yana nufin mitoci ne da direba ba shi da iko a kansu. Sifirin da ya yi wa shokazoba tauri fiye da kima yana ƙara wannan tsalle ne.

Golf tana da wata matsala ta daban. Tayoyin gaba ne ke janta, su ke juya ta, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Idan aka jibga kaya a baya, gaba yakan yi sauƙi, riƙonsa ya ragu. In kuma aka taurara baya shi kaɗai, to a kwana mai kaifi bayan ne yake fara zamewa, ya nemi ya riga gaba. Direba yana jin daɗi domin motar ta daina durƙusawa, amma nauyin yana nan, birkin da tayoyin su ne dai na jiya.

A gabashin Sakkwato wannan magana ta fi nauyi, saboda rashin tsaro ya koya wa direbobi gudu. Mutanen da suka ga harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ba za a zarge su ba idan ba sa son yamma ta riske su a hanya. Amma gudun tsira yana buƙatar motar da ke bin umarnin sitiyari idan an kauce wa rami ko dabba ba shiri.

Gyaran da ya fi amfani ba shi da ƙayatarwa: a mayar da ƙafar yadda maƙera suka tsara ta. A fara da robobin da ke haɗa hannuwan ƙafa da jikin mota, da boljoyin, da tayarod, domin su ne suke sa sitiyari ya yi wasa. A duba shokazoba ko tana yoyon mai, a duba taya ko ta cinye gurbi-gurbi. A canza shokazoba biyu-biyu, dama da hagu tare. A ɗaure kusoshin robobin bayan an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar tana murɗe kuma ba za ta daɗe ba. Makanikai da yawa suna tsallake wannan don sauri. Daga ƙarshe a kai ta saitin ƙafa. Mai hali da yake son ƙari, ya nemi shokazoba mai juriya wadda ba ta rage tsayin mota, irin B6 ta Bilstein, ya kuma yi hattara da jabu. Rage tsayi kuwa, a hanyar Raba, gayyatar dutse ne zuwa ga tukunyar man inji. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta shahara a ƙauyuka ne saboda ƙafarta tana da tsayi da laushi. A shekarar ce kuma ta lashe gasar tseren Safari a Kenya.

Direban haya yana da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gyara sun yi tsada, lodi daidai ƙa’ida kuma da ƙyar yake mayar da kuɗin mai. Shi ya sa ake huda tsohuwar shokazoba a ɗura mata mai a toshe, ko a sayi ta Baljiyam wadda ba a san nisan da ta yi ba. Sai dai lissafin bai cika ba: ƙafa mara kyau tana cinye taya kafin lokacinta, kuɗin da aka ƙi kashewa a gareji yana fita a wurin mai taya.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta da jami’an da za su leƙa ƙarƙashin kowace mota a Goronyo. Shugabannin tasha kuwa suna ganin motocin nan kullum, sun san wadda take yoyo da wadda aka cusa wa roba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da ikon hana mota layi saboda bashin kuɗin tasha. Tana iya amfani da ikon nan a kan motar da shokazobarta ta mutu, ta kuma haɗa kan mambobinta su sayi kayan ƙafa a sari daga dila guda da za a iya komawa gare shi idan kayan suka fito jabu.